Inda Ido Ba Ya Kaiwa: Jinjina ga Ɗantala Mai Fenti

Duk wanda ya saba bi ta bayan tsohuwar tasha a Suleja da sanyin safiya ya san Malam Ɗantala, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan mai rigar aiki wadda babu launin da ba ya jikinta, wanda ake tararwa da bokiti a hannu yana yayyafa wa ƙasa ruwa kamar mai shirin shuka. Ba shuka zai yi ba. Ƙasar yake lallashi ta kwanta, kada mota ta wuce ta tashe ta, ta zauna a kan ɗanyen fenti. In ya gama, sai ya shafa ƙarfen da zai fesa da bayan hannu, ya ji ko raɓa ta sake shi. In da sauran danshi, ko wane ne mai motar sai ya jira. Sai hantsi ya dubi ludayi sannan zai tada kwamfuresa, injin iskar feshi, ya ɗaure hanci da tsohon ƙyalle, ya ɗauki bindigar feshi ya yi bisimilla.

In ya sauke aiki kuwa, sai ya zauna a benci, ya huda gwangwanin madara da ƙusa, ya kafa kai. Haka ya ga maigidansa yana yi, haka kuma masu feshi suke yi tun daga Madalla har Diko: wai madara tana wanke fentin da ya shiga ƙirji. Mu ma da muke kai masa aiki, in mun ji daɗi, sai mu sayo masa gwangwani biyu mu ce, "Malam, a wanke ƙirji." Muna ganin mun yi alheri.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi a haka. Watan jiya ya rufe rumfar. Ba a yi taro ba, ba a kafa rumfar biki ba, ba wanda ya miƙa masa takardar yabo. Shi ya sa wannan rubutu. Yabon gwani ya zama dole, kuma gara a yi shi yana ji da kunnensa, da a bari sai an zauna a tabarmar makoki ana "Allah sarki."

Ban ce Ɗantala mutum ne mai sauƙi ba. Ba shi da fara'ar ɗan kasuwa, kuma bai iya "to, za a duba" ba. In aiki na kwana bakwai ne, bakwai zai ce. In ka matsa, ya nuna maka hanya da haɓa. Har suna muka laƙaba masa, muna kiransa Sai Jibi. Yadda sunan ya samo asali shi ne abin kunyarmu, kuma tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga shi.

Shekara goma sha uku ke nan, mu masu lambu a bakin rafi muka haɗa ƙungiya muka sayi wata 'yar ƙaramar tarakta ta hannu, irin wadda ke shiga tsakanin kunyoyi ba tare da ta tattake yabanya ba. Ummaru, wanda ya fi mu sanin kan inji, shi ne direbanta. Alhaji Abdulƙadir shi ne shugabanmu. Tarakta ta zo duk ta koɗe, mu kuwa mun riga mun sa ranar walima, mun gayyaci manya daga gari su zo su sa albarka. Saura kwana uku muka tura ta rumfar Ɗantala.

Ya zagaya ta sau biyu, bai kalli jikinta ba. Ya tsuguna gaban ƙafar baya, ya ƙwanƙwasa rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, ya kara kunne. Ya danna bakin bawul, inda ake ba taya iska, sai ga ruwa ja yana tsartuwa.

Ya ce, "An ɗura wa tayoyin nan ruwa."

Ummaru ya ce, "Ai haka ake yi, Malam. Don ta yi nauyi ta kama ƙasa."

"Na sani. Amma ya daɗe yana yoyo ta ciki. Sai an cire tayoyin duka, na kankare ƙarfen ciki da waje, na ga abin da ya rage. Kwana tara."

Alhaji Abdulƙadir ya yi dariya ya ce, "Malam Ɗantala, fenti muka zo nema, ba tiyata ba. Cikin rim, inda taya ta rufe, wa zai gani?"

Ɗantala ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya ce, "Tsatsa tana gani, Alhaji."

Muka kwashe da dariya. Wani a cikinmu ya ce ai wannan ko kunu ka ba shi ya dama sai jibi. Nan sunan ya zauna. Ran Ɗantala ya ɓaci, ya juya mana baya ya ci gaba da harkarsa. Muka ja taraktarmu muka kai wa wani mai saurin hannu a hanyar Abuja, wanda ya lulluɓe tayoyi da tsofaffin jaridu, ya feshe ta a wuni ɗaya. Ran walima tana ta ƙyalli kamar amarya. Aka ci, aka sha, aka yi hotuna. Kyan ɗan maciji.

Rani biyu ta yi. A na uku, Ummaru yana huɗa a gefen gangare, rim ɗin hagu na baya ya tsage tun daga ramin bawul, taya ta zame, tarakta ta kife ta danne masa ƙafa. Da aka duba ƙarfen, waje fenti fes, ciki kuwa yatsa ma sai ya huda shi. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Sai dai mu muka ƙi jin barin, Ummaru ya ji hohon. Ya warke da ɗingishi, bai ƙara hawa inji ba. Ƙungiya ta watse kowa na zargin kowa, aka tura tarakta gindin mangwaro a lambun Ummaru, kaji suka mai da ita akurki.

Ɗantala ya je asibiti dubiya har sau uku. Ko sau ɗaya bai ce "ai na faɗa" ba. Mu kuma ko sau ɗaya ba mu ce "ka yi gaskiya" ba. Muka ci gaba da kiransa Sai Jibi, kamar ba mu ba.

Bara Allah ya yi wa Ummaru rasuwa. Ya bar lambu, ya bar iyali, ya bar babbar 'yarsa Fauziyya, wadda ta taso tana bin sa cikin alayyafo da tumatir har ta fi wasu maza sanin ƙasar. Amma kun san yadda Suleja ta koma: duk inda ka ga fili, akwai mai awo a bayansa, don ma'aikatan Abuja ba su gama samun ɗakin haya ba. Ƙannen Ummaru suka ce lambu ya fi ƙarfin mace, majiya ƙarfi kuma duk sun tafi leburanci birni, gara a yanka shi filaye a sayar. Fauziyya ta tsaya kai da fata. Da ƙyar aka yi sulhu a kan sharaɗi: in ta huɗe lambun nan kaf kafin ƙarshen wata, farkon noman rani, a bar mata shi ta riƙe gidan da shi. In ta kasa, a kira mai awo.

Ba ta da wata dabara sai taraktar nan. Ta je wurin Onwuka bakanike, maƙwabcin rumfar Ɗantala tun shekara talatin, mutumin da ya zo Suleja da saurayi har ya yi furfura a cikinta. Onwuka ya kori kaji, ya jawo ta gareji, ya yi mako biyu a kan inji har ya tashi. Ya samo rim na hannu a Diko ya maye wanda ya tsage. Sai ya tsaya ya ce, "Fauziyya, inji na iya. Amma ƙafafun nan, ni ba zan sa hannu ba sai Oga Ɗantala ya gani. Abin da ya faru da babanki, a kan idona aka kawo shi."

A lokacin kuwa Ɗantala ya yi wata huɗu bai taɓa bindigar feshi ba. Tari ya kama shi, irin wanda ba ya jin zuma ba ya jin citta. Likita ya ɗauki hoton ƙirjinsa ya daɗe yana kallo, ya tambaye shi sana'arsa, ya tambaye shi da me yake kare hanci. Ɗantala ya ce ƙyalle, da madara bayan aiki. Likita ya ce masa, "Baba, madara ciki take tafiya, fenti kuwa huhu. Hanyarsu ba ɗaya ba ce. In kana son sauran numfashin da ya rage maka, kai da feshi har abada." Rashin sani ya fi dare duhu. Shekara arba'in muna saya masa abin da ba ya magani, babu wanda ya taɓa tambayar ko akwai abin da ya fi ƙyalle.

Fauziyya ta same shi a ƙofar gida a kan tabarma. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ita ba aiki ta zo ba shi ba, ta san halin da yake ciki. Ido kawai take roƙo, ya duba ya gaya mata ko ƙarfen zai ɗauka.

Ya je. Aka kira mai faci ya fitar da tayoyi. Tsohon fentin nan na walima ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon rogo, tsatsa tana zuba. Ɗantala ya bi kowane rim da guduma ƙarama yana saurare. Ya ce na gaba biyu lafiya, na Diko lafiya, na dama na baya yana buƙatar walda wuri biyu, kuma in ba a rufe ƙarfen nan da fenti na gaskiya ba, nan da rani biyu a sake jin labari. Sannan ya ce, "Onwuka, ɗauko min makullin rumfa."

Onwuka ya ce, "Haba Oga, abeg. Dokta ya ce me? Kana so Mama Fatsuma ta zo ta ƙona min gareji?"

"Ɗauko, na ce."

Fatsuma, matarsa, ba ta ƙona gareji ba, amma ta tare shi a zaure washegari da safe. Ta ce, "Malam, mutanen da suka mai da kai abin dariya, su za ka ba sauran ƙirjinka?" Abin da ya gaya mata, ita ta faɗa mana da bakinta daga baya, kuma tun da na ji shi bai bar ni ba. Ya ce, "Fatsuma, ranar nan na ji abin da ke cikin ƙarfen nan da kunnena. Da suka yi min dariya sai na yi fushi na ja bakina. Da na bi Ummaru gida na kama hannunsa na ce kada ka hau, da ya ji. Yana jin maganata. Zuciya ta hana ni. Shekara goma ina ganin ɗingishinsa yana wucewa ta gaban rumfata."

Ku ji fa. Mu da muka yi laifin muna barcinmu lafiya, shi da ya faɗi gaskiya shi ke ɗauke da kayan.

Fauziyya ta ce ba za ta yarda ba sai da sharaɗi. Ta shiga mota har Abuja, ta nemo takunkumi na masu feshi na ainihi, mai gwangwanaye biyu a gefe masu tace iska. Da Ɗantala ya ɗaura, Onwuka ya riƙe ciki yana dariya, ya ce, "Oga, yanzu ka zama fara! Saura fiffike." Ɗantala ya ja numfashi a ciki, ya buɗe galan ɗin tina, ruwan tsinka fenti mai kaifin wari, ya kai hanci, ya sake ja. Ya cire takunkumin yana juya shi a hannu. Ya ce, "Ko warin ba na ji. Ashe akwai wannan a duniya?" Dariyar Onwuka ta tsaya.

Kwana tara ya ce, kamar wancan karon. Wa'adin Fauziyya kuwa saura kwana goma sha biyu, huɗar kuma za ta ci uku. Babu rarar ko yini ɗaya.

Kankara ita ce rabin aikin, ita kuma ta fi cin ƙarfi. Onwuka ya ajiye nasa aikin ya riƙe burushin waya, Ɗantala yana zaune yana nuna masa da sanda: "Nan. Koma nan. Wannan kake kira fari? Idonka ne ya tsufa ko hannunka?" Bayan burushi sai samfefa mai kaushi, sai mai laushi, har ƙarfe ya fito fari tas kamar sabon faranti. A ƙarƙashin wani noti Ɗantala ya gano ɗigon asalin launin da aka ƙero ta da shi, ruwan ƙwai, ya ce shi za a mayar. Aka yi walda, aka goge, aka wanke da tina. Aka rataye rim huɗu da waya a jikin azara. Sannan ya tashi da kansa ya ɗauki bindiga. Jan fenti na ƙasa, mai hana tsatsa, shafi biyu. Kuma ciki ya fara fesawa, inda taya za ta rufe, kafin waje. Wanda ya ga hannun nan ran nan ya ga abin kallo: mutumin da ba ya iya taku ashirin bai tsaya ba, amma hannu yana tafiya sumul, ba rawa, ba ɗigo. In ya yi zagaye ɗaya sai ya fita waje ya dafa bango, ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa, ya koma.

Rana ta shida sai ga ruwan bankwana, wanda ba wanda ya sa rai da shi. Kwana biyu gari a lumshe, ƙarfe ya yi sanyi. Ɗantala ya shafa da bayan hannu ya girgiza kai. Kwana tara ya zama goma sha ɗaya.

Fauziyya ta zo idonta ya yi ja. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Jan fentin ya riga ya hau. A mayar da tayoyin haka nan, in na gama huɗa a dawo a ƙarasa. Ƙannen babana ba za su ƙara min ko awa ɗaya ba."

Ɗantala ya dube ta. Ya ce, "'Yar Ummaru, wa zai hau taraktar?"

"Ni."

"To ba zan sake ta ba. Jan fentin nan bai nuna ba, ƙarfen mai faci yana taɓa shi zai kware, ruwa ya sami ƙofa. In an mayar da taya kuma, ni na san ba mai sake cire ta. Ki yi fushi da ni, na ɗauka. Na taɓa barin wani ya tafi yana murna, na ce ba ruwana. Ba zan ƙara ba."

Alhaji Abdulƙadir yana zaune a bencin Onwuka, ya zo ganin taraktar da ya taɓa shugabanta. Ya ji komai. Tsoho ne yanzu, da sanda yake tafiya. Ya tashi ya tari Keke ya nufi gidan ƙannen Ummaru. Ya same su, ya ƙi zama a kujera, ya zauna a ƙasa. Ya ce musu, "Ɗingishin yayanku ni na jawo shi. Na hana Ɗantala kwana tara don a yi walima. Yau na zo roƙon kwana uku. In kun hana, kun hana ni ne, ba yarinyar nan ba." Suka dubi juna. Furfura a ƙasa ba abin wasa ba ce. Suka ba da mako guda.

Rana ta fito, Ɗantala ya fesa ruwan ƙwai shafi uku, siriri siriri, yana barin kowane ya sha iska. Ya bar su rataye kwana biyu, ya danna farce a gefen ciki bai shiga ba, sannan ya ce a kira mai faci, ya tsaya a kansa kamar mai gadin jariri. Ran da tarakta ta shiga lambu, Fauziyya a kai, shi ba ya wurin. Yana kwance a gida, aikin ya kayar da shi, takunkumi ya zo a makare. Ya tashi bayan mako biyu, amma yau tsakanin gidansa da masallaci sai ya huta sau biyu. Lambu ya tsira. Alayyafon Fauziyya yana kasuwa yanzu haka. Abin da aka biya da shi kuwa, a ƙirjin Ɗantala aka cira.

Da ya ji sauƙi muka je, mu huɗu da muka rage a tsohuwar ƙungiya. Alhaji Abdulƙadir ya ce, "Malam Ɗantala, mun zo neman gafara. Mun makara da shekara goma sha uku."

Ɗantala ya yi murmushi ya ce, "Ashe ku ne Sai Jibi." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta yi huɗa lafiya?"

Malam Ɗantala, kai ne ka faɗi gaskiya ran da ƙarya ta fi kasuwa. Kai ne ka gyara inda ba mai yaba maka, don ka san akwai ran ɗan Adam a kai. Kai ne muka yi wa dariya ka bi mu da dubiya. Gwanin ciki da waje, mun ci amanar ƙirjinka da gwangwanin madara, muka ci mutuncinka da suna, ka rama mana da alheri. Ba mu da abin da za mu mayar maka. Da na sani ƙeya ce, kullum a baya take. Mun gode. Allah ya sassauta maka numfashi, ya sa wahalar nan ta zama kaffara, ya suturta ka ciki da waje kamar yadda ka suturta ƙarfen mutane.

Ku kuma masu sana'a, matasa da manya, ban ce ku yi koyi da ƙyallensa da madararsa ba. Wannan kuskurenmu ne mu duka, kada a gada. Bindigar feshinsa da takunkumin nan suna rataye a garejin Onwuka, ya ce duk wanda zai ɗauki ɗaya sai ya haɗa da ɗayan. Ku yi koyi da hannunsa. Ku kuma masu kai aiki, in gwani ya ce muku kwana tara, ku ɗaga walimar. In kuwa shaiɗan ya raɗa muku cewa ai ciki ne, wa zai gani, to ku tuna amsar da aka ba mu a bayan tasha muka yi dariya.

Tsatsa tana gani.